Rigar Hawa Rumbu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Yuli, 2011, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran kakana na wajen uwa, Malam Sha'aban, a gidansa da ke ƙauyenmu na gefen Mai'adua, bayan gajeruwar jinya. Watan Sha'aban ne, watan da aka haife shi har ya ci sunansa. Kalandar masallacinmu ta ce sha uku ga wata, liman ya ce sha biyu, don haka na bar maganar a tsakaninsu. Shekarunsa ma ba zan faɗa ba. A wajen jana'iza na ji an ce tamanin, na ji an ce casa'in, wani ma ya kai shi ɗari, kuma babu wanda ya kawo hujja. Abin da na tabbatar shi ne ya bar matarsa, Iya Talatu, da 'ya'ya mata uku, da ƙanensa Baba Mati, da jikoki, ciki har da ni Ikrima, da na tashi a hannunsa.

Baba Tsoho, kamar yadda mu jikoki muke kiranka, masu zuwa gaisuwa sun faɗi alheranka da yawa: yadda kake raba gardamar iyakar gona, da yadda jakinka ya fi daɗewa a hannun masu aro fiye da hannunka. Na yarda da su, amma ban gani da idona ba. Ni abin da na gani shi ne zamanka da fargabar Iya, kuma shi zan rubuta.

Duk wanda ya san gidanmu ya san Iya ba ta rasa abin tsoro. In hadari ya taso, katanga za ta faɗi. In bai taso ba, shuka za ta ƙone. In ka ci tuwo kaɗan, ba ka da lafiya. In ka ci da yawa, bankwana kake yi da tuwon. Ranar Lahadi in ka tafi kasuwar Mai'adua, kafin La'asar ta riga ta ga ka ɓace hanya, ka tsallaka iyakar ƙasa ta Kongolam ba da saninka ba, an riƙe ka a can ba takarda. Ba ka taɓa ɓacewa ba. Na faɗa mata haka sau da yawa, ta ce ai shi ya sa abin yake gabatowa.

Kuma ba ta yanke shawara sai da kai. Ko kuka za a kaɗa ko kuɓewa, sai an leƙa zaure an tambayo Malam. Akuyarta ce, ta gado, amma ranar da mai saye ya zo ba ka nan, sai da ya yi zaman jira har ya yi sallah biyu a ƙofar gida. Abokan hirarka sun sha ce maka wannan fitina ce, ka tsawata mata. Na ji amsarka da kunnena. Ka ce kowane gida da rabon fargabar da Allah ya saukar masa, kuma a naka gidan Talatu ta ɗauki nata ta haɗa da naka, shi ya sa kake barci har da minshari. Minsharin gaskiya ne, ni shaida ne.

Amma uwar fargabar duka ita ce rumbu. A ƙauyenmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Na nemi asalin wannan al'ada a wajen malamai biyu, duk suka ce ba ta cikin littafi, amma kuma ba su ga matar da ta karya ta ba. Maigida shi ke sa tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga, ya fito da abin da za a ci. Saboda haka Iya ta yi zaman aure tun tana yarinya har furfura, tana share gindin rumbun nan kowace safiya, ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Kullum kana saukowa za ta tare ka da ƙwarya a hannu, ta ce, "Malam, akwai saura?" Kai kuma ka ce, "Akwai." Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. Daga nan sai ka ga kafaɗunta sun sauka, ta samu sararin zuwa ta ji tsoron wani abu dabam.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ta ji a rediyo ana maganar tsara karɓar zakka, ta yi murna, ta ɗauka za a turo malamai su shiga rumbu su auna, ita ma ta ji adadin a bakinsu. Sai ka bayyana mata cewa zakkar hatsi tun a gona ake fitar da ita, dami ɗaya cikin goma, kafin a kawo gida. Ta yi kwanaki tana jin kamar an yi mata ƙwace.

Bayan damunar 2004, da fara ta sauka a gonakinmu, ka zo da sabbin abubuwa biyu. Na farko, ka daina fitowa da dami, sai tsaba. Ka ce ka sa an sussuke geron tun a gona an zuba a buhuna, don ƙirjin Iya ya huta da taɓarya. Na biyu, ka fara hawa rumbu da babbar riga. Wata shuɗiya ce mai nauyi, irin wadda ake zuwa ɗaurin aure da ita. Ko zafin bazara ya kai yaya, sai ka fita da sassafe ka gaisa da Baba Mati a zaurensa, ka dawo cikin rigar nan kana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya, ka kama tsani. Na yi maka tsiya irin ta jika da kaka, na ce ko surukai kake da su a ciki. Ka ce hatsi sarki ne, ba a shiga gabansa da 'yar shara. A lokacin na ɗauka hikima ce, har na faɗa wa abokaina a makaranta. Na kuma lura wasu ranaku kaji na bin ka tun daga zaure har gindin tsani, amma na ɗauka sabo ne.

Dole in faɗi cewa ni na gado Iya. Da na gama jami'a na dawo ina jiran sunana ya fito na bautar ƙasa, kullum sai na tambaye ka ko kana ganin zai fito. Ka ce zai fito. Na ce mece ce hujjarka? Ka dube ni, ka dubi Iya, ka ce lallai ɗan boko da matarsa a ƙwarya ɗaya suka sha, in matso in ci tuwo. Da ma tun ina ƙarami Iya take kirana Ango, kai kuma kana cewa ranar da na iya ciyar da ita in zo in ɗauka.

Ranar ta zo, Baba Tsoho, ba tare da na shirya ba.

Kwanakin makoki maƙwabta ne suka riƙa kawo abinci. Bayan addu'ar bakwai jama'a suka watse, 'ya'yanka suka koma gidajen mazajensu, gida ya rage daga ni sai Iya. Da safe na fito na same ta a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, ƙwarya a hannu, tana kallon rumbu. Ka fi kowa sanin ba yunwa ce ke damunta ba. Ta kwana bakwai ba wanda ya ce mata akwai, kuma kwana bakwai ɗin nan ba ta ci abin kirki ba.

Na sa tsani na hau. Ga abin da na tarar, ba ƙari: ƙaiƙayi, da saƙar gizo, da wani faifai babba a shimfiɗe a tsakiya, an share kewayensa tas, da 'yar kujerar katako, da mafici. In ban da 'yar tsabar da ta rage a faifan, ko buhu ɗaya babu. Na zauna a kujerar ina fifita, don gumi ya riga ya jiƙa ni. Da na sauko ban yarda mun haɗa ido ba. Na ce mata akwai wani bayani da ya kamata in fara ji daga Baba Mati. Ta ce, "Bayani?" Ban taɓa jin kalma ta tsorata mutum haka ba.

Baba Mati ya yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka ci gaba ba dariya. Ya ɗaga wata tabarma a lungun zaurensa ya nuna mini buhun gero. Ya ce tun shekarar fara gonarka ba ta sake kai ku kaka ba. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya cinye ta, ƙarfinka kuma ya ja baya. Duk shekara in rumbu ya ƙare, sai ka sayo a Mai'adua ka ajiye a wurinsa. Rigar kuwa tela ka sa ya yi mata aljihu daga ciki, mai cin tiya guda. Ya ce ya sha ba ka shawara ka faɗa mata gaskiya, ka ce matar da ke tsoron cikakken rumbu, in ta ji babu komai ai sai a haɗa ku a makara ɗaya.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna: shin kakana ya yi shekara bakwai yana ƙarya ke nan? Ya ce a'a, kai ma ka yi wannan tunanin. Shi ya sa faifan. Kana shiga sai ka juye geron a kai, ka zauna ka huta, sannan ka ɗiba ka bar ɗan kaɗan. Lokacin da za ka ce akwai, to akwai ɗin. Na yi nazarin wannan ta kowace fuska, ban samu inda ta karye ba.

Na ɗauko rigar daga ɗakinka na sa. Ta yi mini yawa, har tana jan ƙasa. Baba Mati ya cika aljihun, na ratsa tsakar gida ina tafiya irin taka, sai a lokacin na gane ba ciwon baya ba ne. Kaji suka biyo ni a jere. Na hau, na juye, na zauna, na fifita, na ɗiba, na bar kaɗan a faifai, na sake dubawa don in tabbatar na bari. Na sauko. Iya ta miƙo ƙwarya.

Ta ce, "Ango, akwai saura?"

Na ce, "Akwai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan kafaɗunta suka sauka, kamar yadda suke yi maka. Ta ce kakana ba ya rawar murya in zai faɗa, in gyara. Ta ƙara da cewa, "Cire rigar ka kawo. Aljihun ya sake ɓulewa, ga kaji nan sun tona maka asiri. Tun shekarar fara nake ɗinke shi in ya tafi masallaci."

Na tambaye ta, tunda ta sani, me ya sa take tambaya kullum? Ta ce ita ba ta taɓa leƙa rumbu ba, don haka ba ta san komai ba, kada in ɗora mata magana. Abin da ta sani kawai, duk ranar da Malam ya ce akwai, to ya nemo. Kuma da ta nuna ta gane, da kai ne za ka shiga fargaba, alhali ba ka saba ba, ba za ka iya ba. Ran nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Da ta gama ta ce, gobe fa?

Ban sani ba ko ka taɓa lura da ɗinkin, Baba Tsoho. Na duba shi da kyau: zaren shuɗi ne irin na rigar, amma ɗinki ne a kan ɗinki har ya yi tudu, da wuya mai sa hannu kullum ya kasa ji. Zato ne kawai, ba zan rubuta shi a matsayin tabbas ba.

Mahaifiyata da 'yan'uwanta sun ɗauki nauyin buhun da ke zauren Baba Mati har zuwa kaka. Sunana kuma ya fito, kamar yadda ka ce, ba tare da hujja ba. Yanzu matsalar ita ce wanda zai riƙa hawa tsani in na tafi, don gwiwoyin Baba Mati ba za su iya ba. Wannan fargabar ni da Iya mun raba ta biyu. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in tambayi Mati. Shi kuma ya ce in rubuta, amma in bayyana cewa laifin ƙuduji ne, ba na nomanka ba. Na bayyana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Talatu, da Baba Mati, da mahaifiyata da ƙannenta, da dukan jikoki da mutanen ƙauyenmu. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sanyaya zuciyar Iya, ya rage mata tsoro ko da rabi ne. Kai kuma Baba Tsoho, Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yi shekaru kana hawa tsani da nauyi a ƙirji don mace ɗaya ta samu natsuwa. Allah ya sa duk tiyar da ka juye a faifan nan ka tarar da ita a can, rumbu cike har jinka, wanda ba sai an tambaye ka saura ba. Amin.