Dutsen da Kaka Ta Aiko

Abin da na fara lura da shi ranar da muka sauka a Maiduguri shi ne babu dutse. Na duro daga bayan babbar motar da ta kawo mu da kayanmu, ƙafata ta nutse cikin yashi mai zafi. Wani kare ya nufo ni, na sunkuya in ɗauki abin jifa kamar yadda na saba a gida, hannuna ya dawo da yashi kawai. Na duba gaba, na duba gefen hanya, ko tsakuwa ban gani ba. A garinmu, can kudancin Borno kan tudun Biu, tun daga bakin ƙofa mutum ke fara tuntuɓe da dutse. Baƙaƙe ne masu huji-huji. Da su ake katanga, da su ake murhu, kafin a yi shuka sai an tsince su an tara a gefen gona.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Baba akawu ne, aka yi masa canjin wurin aiki, muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Wulari. Bai cika shekara biyu a garin ba ciwon ciki ya kwantar da shi, ya rasu a ƙarshen damina. Ruwa ya lalata hanyar gida, saboda haka aka binne shi a maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Aka tara yashi a kansa, aka kafa gicciye na katako da sunansa a farin fenti.

A wajenmu ba a barin kabari haka. Kowane ɗan'uwa yakan ɗora dutse ɗaya da hannunsa, ta haka jikoki ke gane inda kakansu yake. Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta iya doguwar tafiya. Sai ta zaɓi dutse daga gonar da Baba ya yi noma yana yaro, ta ba baffana ya kawo mana, da saƙon a ɗora shi ranar da Baba zai cika shekara. Girmansa kamar burodi babba. Jar ƙasar garinmu tana nan maƙale cikin hujinsa, har da wata busasshiyar ƙwayar ciyawa. Mama ta naɗe shi da tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado. Idan ta tafi kasuwa nakan jawo shi in shinshina.

Mama ba ta taɓa sakin jiki da abin da ya fito daga hannun Kaka ba, don Kaka ba ta zuwa coci, addinin iyayenta take bi. Akwai kuma wani abin da ba a faɗa a gidanmu. A watanninsa na ƙarshe Baba ya daina zuwa sujada, ya koma zama wurin masu burkutu. Mama ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, amma ina jin yadda muryarta ke tsayawa idan ta zo kan sunansa a addu'a.

Saura mako uku ya cika shekara, rediyo ta cika da labarin wani tafki a Kamaru da ya saki iska ta kashe mutane da shanunsu. Malaminmu na labarin ƙasa ya ce to, lokacin darasin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya yi. Babarbare ne daga Dala, dogo, alli ba ya rabuwa da hannun rigarsa, kuma "kasa" yake cewa maimakon "ƙasa". Yakan fara da Turanci, in ya ga mun yi zuru sai ya juye Hausa.

Ya shigo da kwanon kunu mai zafi da ya karɓa wajen mai sayarwa a bakin makaranta. Ya fito da sakaina huɗu daga aljihu ya jera su a saman kunun.

"Wannan ita ce duniya," in ji shi. "Kuna tsammanin kasa guda ce, a zaune daram? Fasasshiyar kwarya ce, tana iyo a kan abu mai tafasa."

"Malam, in an gama a ba ni duniyar in sha," wata ta ce daga baya. Ita ce mai bakin ajinmu.

"Ke ko duniya biyu aka ba ki ba za ki koshi ba. Matso ki gani."

Ya tura sakaina biyu suka yi karo, ɗaya ta hau kan ɗaya. Ya ce haka manyan tsaunuka ke tashi. Ya goga su gefe da gefe suka yi ƙiris, ya ce girgizar ƙasa ke nan. Sannan ya raba su a hankali, kunu ya ɓullo ta tsakani yana tururi. Ya ce a nan ake samun kwari mai zurfi, daga baya teku ta shigo, kuma ta nan wuta ke samun hanya. Ya nuna mana a taswira yadda ƙugun Afirka ya yi daidai da kafaɗar Amurka ta Kudu, kamar sakainar ƙwarya ɗaya.

"Matsalata da garin nan," ya ce yana goge hannu, "zan koyar da dutse, babu dutsen nunawa. Gobe duk mai dutse a gida ta kawo."

Tun da na shiga makarantar ban taɓa ɗaga hannu ba. Hausata tana da karin garinmu, an taɓa kwaikwayona sau ɗaya, daga ranar na kulle bakina. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Da safe na jira Mama ta shiga wanka, na zura dutsen cikin jakata. Igiyar jakar ta yanke mini kafaɗa kafin in isa.

Wasu sun kawo gutsuren bulo. Wata ta kawo kanwa. Malam ya ɗaga bulon ya ce, "Wannan dutsen mai kwaɓa siminti ne ubansa." Aka yi dariya. Da ya zo tebur ɗina na warware zanen. Ya ɗauka da hannu biyu ya kai bakin taga.

"Ke, 'yar shiru, ina kika samo wannan?"

"Garinmu."

"Ashe tana magana!" in ji mai bakin.

"Rufe mana baki. Kun ga wannan? Kasarmu ma ta taɓa son ta rabe, tun daga kwarin Binuwai har sama, sai ta tsaya a rabin hanya. Amma tsagin yana nan. Tudun garinsu duk aman wuta ne. Wannan ya fito yana tafasa kamar talge, iska na fita daga jikinsa, ya sandare a haka. Huji-hujin nan numfashinsa ne."

Aka bi layi ana taɓawa. Na ji kaina ina tambaya, "Malam, wutar ta mutu?"

"Ta sama ta mutu tuntuni. Ta karkashin kasa ba ta mutuwa."

Da gudu na koma gida. Na tarar da Mama a inuwar bakin ɗaki tana tsintar wake a faifai. Ban ko ɓoye cewa na ɗauka ba, daɗi ya hana ni. Na ajiye shi gabanta na ce, "Mama, kin san daga ina dutsen Baba ya fito? Daga wuta."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Wace wuta?"

"Wadda take ƙarƙashin ƙasa. Malam ya ce ba ta mutuwa. Ita ta amayo shi."

Mama a coci ta koyi Hausa, sai ɗan abin da ta tsinta a kasuwa. Da Hausa muke magana a gida saboda harshenmu ya fara kuɓuce mini. A Hausarta, wutar da take ƙasa kuma ba ta mutuwa guda ɗaya ce tak, wadda ake wa'azi a kanta ranar Lahadi. Sai da na ga fuskarta na gane abin da na faɗa.

"Ba waccan ba, Mama. Wata ce daban. Kamar kunu..."

"Wuta nawa ce a ƙasa? Mai ilimi ya duba ya faɗa. Ni dama jikina ya ba ni." Ta miƙe, wake ya zube. "Ina kwana ina roƙo a fitar da ubanki daga cikinta, uwarsa ta aiko a danne shi da ita?"

Ta sa zanen ta ɗauke shi don kada ya taɓa fatarta, ta kai shi bakin kwata ta ajiye, ta wanke hannu da toka. Ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar maƙwabciyarmu ta leƙo. "Maman yara, dutsen nan yarwa kika yi? Murhuna ƙafa biyu gare shi, da gwangwani nake tokare tukunya."

"Ɗauki. Can ya dace da shi."

Na riga ta. Na ɓoye shi a bayan tulin itace, na ce ban gani ba.

Ranar Lahadi bayan sujada muka je maƙabarta. Damina guda ta wuce a kan kabarin. Gara ta cinye gindin gicciyen, ya faɗi, wani ya ɗauke shi ya jingina da shinge tare da wasu guda biyar. Ruwa ya baje tudun yashin. An yi sababbin kaburbura dab da wurin. Mama ta fara ƙirga daga gindin wata bishiyar dogon yaro, ta tsaya a na uku, ta koma ta sake, ta tsaya a na huɗu. A ƙarshe ta durƙusa a na uku ta yi addu'a, amma na ga idonta na komawa kan ɗayan. Na ce ko a kafa sabon gicciye. Ta ce gara ba ta ƙoshi ba tukuna.

Na yi tunanin in kawo dutsen ni kaɗai. Amma ban san ko na uku ba ne ko na huɗu, kuma ranar da Mama ta gan shi a wurin za ta ɗauke. Na sake gwada yi mata bayani sau biyu, na kawo sakaina, ta ce in daina wasa da abinci. Na ce a tambayi fasto, ta ce ba za ta kai sunan mijinta gaban mutane da irin wannan magana ba. Maganar malami ce ta shiga kunnenta, tawa ba ta isa ta fitar da ita ba.

Saura kwana shida Baba ya cika shekara. Aka tashi daga makaranta na tsaya a barandar ɗakin malamai har kowa ya watse. Malam ya fito yana tura kekensa, ya gan ni.

"A'a, mai dutse! Kin kawo mini wani?"

Na girgiza kai. Na gaya masa komai ina kallon sarƙar keken, wadda wani zare ja ya naɗe a jikinta. Ya fara murmushi da na zo kan kalmar wuta, sai murmushin ya ɓace.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "To zan zo in yi mata bayani. Wannan wuta daban, waccan daban."

"Ba za ta ji ba, Malam. In ka sake cewa wuta, shi ke nan."

"To me kike so in ce, 'yata?"

Na ce, "Don Allah ka zo ka ce mata ka yi kuskure. Ka ce ka sake dubawa, daga ruwa ya fito."