Takalmin da Na Wanke

Na daɗe ina aikin shata layukan filin gudu na jami'a da farar ƙasa. Kocin 'yan gudu yana da doka ɗaya: duk ɗalibin da ya tsaya kafin a gama atisaye, zai cire takalmin da makaranta ta ba shi, ya miƙa mini a gaban kowa, don ni ke ajiye takalman. Wanda ya rasa takalmi ya fita daga ƙungiya, ya kuma rasa gadon da ake ba 'yan wasa a ɗakin kwanan ɗalibai.

Akwai wani dogon ɗalibi da na sani tun yana kwana a shagon kawunsa a unguwarmu, Tudun Wada. Wata safiya ƙafarsa ta gurɗe a zagaye na uku. Ya dubi koci, ya dube ni, ya ci gaba da gudu.

Na ce, "Malam, a tsayar da shi mana."

Koci ya ce, "Baba, layi aka ɗauke ka ja, ko surutu?" Sannan ya ɗaga murya, "Ku ga namiji!"

Ya gama zagaye goma yana jan ƙafa, aka tafa masa. Sai da muka yanke igiyar kafin takalmin ya fita, saboda kumburi. Likita ya ce shi da gudu har abada.

Bayan sati biyu aka ce ya kwashe kayansa daga ɗakin. Koci ya sa na wanke takalmin, na sa sabuwar igiya. Sabon ɗalibin da aka ba takalmin ya gwada, ya ce ya yi masa yawa. Koci ya ce ya cusa takarda.