Houéfa, Mai Rabon Karta a Gidan Agbossou

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su Houéfa a unguwar Akpakpa ta Kwatano, don haka na san ta tun tana taya uwarta bandar kifi. Hannu gare ta mai sauri, kafin ka feɗe kifi ɗaya ta gama uku.

Saurin nan Tonton Agbossou, wato Kawu Agbossou, ya gani. Shekara ashirin ya yi yana aikin katako a Gabon, da ya dawo Kwatano sai ya sayi tsohon gidan ƙanƙarar masunta a bakin teku, ya shafa masa jan fenti, ya zuba teburan karta uku da injunan caca shida na gwanjo. Cikin wata guda ya koya wa Houéfa rabon karta, ya ɗinka mata farar riga, ya kafa mata doka: mai rabo ba ta da ɗan'uwa a tebur.

Turawa ya yi wa tanadi, su kuwa ba su zo ba, suna da nasu a manyan otal-otal. Da ya gaji da kallon kujeru wayam, sai ya rage kuɗin zubi, ya riƙa buɗewa tun rana tsaka. 'Yan unguwa suka cika wurin: masunta, leburorin tashar jirgin ruwa, da 'yan zemijan masu haya da babur.

Wata Laraba sai ga yayanta Sossa da rigarsa ta zemijan, ya ja kujera a gabanta.

"Fofo, tashi ka tafi," ta ce wa yayan nata ƙasa-ƙasa.

"Ke, raba mini! Don kin sa farar riga kin zama madam? Har nan nake jin ƙarnin kifinki."

Aka yi dariya, ta raba. Ranar ya ci, har ya saya wa uwarsu atamfa. Kashegari ya dawo, jibi ma haka, cin kuwa bai sake waiwayarsa ba. Houéfa ta sami maigidan a ofis.

"Tonton, don Allah ka hana shi shigowa."

"'Yata, in na kori duk mai 'yar'uwa, da wa zan zauna? Koma bakin aikinki."

Wata biyu bai cika ba babur ɗin Sossa ya tafi a caca. Da safe matarsa Ayaba ta tsaya a ƙofar gidan su Houéfa, goyo a baya, tana ɗaga murya don kowa ya ji: "Fito, mai farar riga! Da hannunki kika yanka shi!" Uwarsu kuwa daga ranar ta daina cin girkin Houéfa.

Bayan shekaru Houéfa ta faɗa mini abin da ke cin ta. Ranar da Sossa ya zuba kuɗin babur, ta san katin da ke ƙasa shi ne zai ba shi ci, kuma da ta zaro masa shi ba mai gani. "Dada, ban yi ba," in ji ta, don Dada take kirana. "Har yau ban san ko gaskiya ce ta hana ni ko tsoron rasa aiki ba."

Gidan cacar bai daɗe ba. Da damina teku ta cinye katangar baya, daɓen ya tsage har ƙarƙashin tebura, hukuma ta zo ta garƙame ƙofa. Wata goma sha huɗu ke nan da buɗewa. Agbossou ya sayar wa wani mutumin Lome injunan, ya koma Gabon. Yanzu inda ginin yake, kwale-kwale ke wucewa.

Sossa ya tafi Legas leburancin gini. Ayaba ta koma gidansu a Ouidah, ta bar yara biyu, Houéfa ce ke riƙe da su da kitson da take yi a kasuwar Dantokpa. Ba ta yi aure ba.

Kirsimetin bara Sossa ya zo, ya rame, tari ya kama shi. Ta dama masa koko, ta raka shi asibiti sau biyu. Kwana shida ya yi, hirarsu ba ta wuce ta makarantar yara ba. Ranar da zai koma ta tafi kasuwa, sai ni ya bar wa sallahu in ce mata ya wuce.