Sakamakon Matar Guna

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a Zinder, ɗakin da kowa ke ce wa labo. Aikina jini ne da fitsari da majina, kuma ban taɓa jin ƙyamar ko ɗaya ba. Abin da ya tayar mini da zuciya har na yi mako ban ci nama ba, a ɗakin taron wani otel ya same ni, wuri mai sanyi da ƙamshin turare.

Ɗan wan mahaifina ne ya jawo, wanda nake kira Yaya. Gida ɗaya muka tashi a Birni, gidan dukawa, cikin warin fata da jan rini. Da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi Faransa, ya daɗe, ya zama mai bincike a kan ciwon daji. Wata damina ya zo hutu, ya same ni a tsakar gida ina tsince shinkafa, ya jawo kujera ya zauna.

Na tambaye shi wai shi me yake yi ne a can, tunda ba ya duba marasa lafiya.

Ya ce, "Ƙanwata, ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin mutum suna aika wa juna saƙo. Wannan ta ce wa waccan ki hayayyafa, ko ki dakata, ko lokacinki ya yi ki mutu. A ciwon daji saƙon dakatawa ne ba ya isa, ko kuma na hayayyafa ya maƙale yana ta maimaita kansa. Ni hanyar da saƙon yake bi nake nema."

Ban taɓa jin wanda ya yi bayanin ciwon nan da Hausa haka ba, sai na ji ya burge ni. Daga nan ya kawo buƙatarsa. Ya ce ciwon nono yana kama matanmu da ƙuruciya, da zafi kuma, amma kusan duk binciken duniya a kan naman Turawa aka yi shi. Yana so duk matar da aka yi wa aiki a asibitinmu in ɗebi ɗan yanki daga abin da aka cire, in ɗauki hoton ciwon kafin aiki, in sa ta dangwala yatsa a takardar yarda. Ya riga ya yi magana da shugaban asibiti.

Na ce, "Sakamakon fa? Za su tambaya."

Ya ce, "Zai zo. Ki ce musu zai zo."

Haka na riƙa gaya musu. Takardar da Faransanci take, shafi uku, ban taɓa karanta ta har ƙarshe ba. Abin da nake cewa kawai, za a kai naman ƙasar waje manyan likitoci su duba, su faɗi maganin da ya dace. Ba wadda ta ƙi.

A cikinsu akwai wata mata daga wani ƙauye na yankin Guna, ba ta kai arba'in ba, doguwa, mai yawan dariya. Gyaɗa suke nomawa ita da mijinta, tana kuma yin ƙuli-ƙuli tana kawowa kasuwar Dole ran Alhamis. An cire mata nonon hagu, ta warke daga aikin, ta koma gida. Amma duk Alhamis ɗin da ta shigo gari sai ta biyo ta labo, ta tsaya bakin taga da ƙwaryarta a kai.

"Malama, takardar tawa ta iso?"

"Tukuna, Inna. Hanya ce da nisa."

Sai ta yi dariya, ta ajiye mini ƙuli-ƙuli a leda, ta tafi. Na ci ƙuli-ƙulin nan ya fi a ƙirga.

Na rubuta wa Yaya sau da yawa. Wani lokaci ya yi shiru, wani lokaci ya ce ana kan aiki. Sau ɗaya ya turo saƙon murya ya ce yankin naman matar nan ya yi kyau ƙwarai, a ciki suka ga abin da suke nema. Na saurara sau biyu ina neman inda ya faɗi abin da za a yi mata, babu.

Abin da yake turowa ba fashi shi ne hoton wani shafi na intanet mai ɗauke da sunansa. A shafin an jera duk rubuce-rubucen binciken da ya wallafa, a gefen kowanne da lamba mai nuna sau nawa wasu masana suka ambace shi a cikin nasu rubutun. A wurinsu da wannan ambato ake auna girman mutum, da shi ake samun ƙarin muƙami. Rubutun da ya fito daga naman matanmu shi ya fi kowanne samun ambato. Duk sanda lambar ta ƙaru sai ya ɗauki hotonta ya jefa a gurup ɗin dangi na waya, a yi ta masha Allah. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajiya, ta ɗauka lambar yawan mutanen da ya warkar ce. Haka take gaya wa mata a wurin biki. Ya sani, don a gabansa ta taɓa faɗa, ya yi murmushi kawai. Ni ma ban gyara mata ba.

Bayan shekara biyu ya dawo gida, aka shirya masa taron karramawa a otel. Na ɗinka sabon leshi. Manyan gari sun zo da manyan riguna, da malaman jami'a, da ƴan kasuwa abokan mahaifinsa. Tun kafin ya fara magana aka soma rarraba tsire da lemo. Aka rage fitila, ya hau mumbari, hotuna suna fitowa a bango. Ya nuna zanen hanyar saƙon da kibiyoyi ja da shuɗi, ba wanda ya gane, aka tafa. Ya nuna lambar ambatonsa shekara bayan shekara, sanduna a jere kowace ta fi ta bayanta tsawo, aka tafa da ƙarfi.

Sai ya danna, ƙirjin mace ya cika bango.

Ni na ɗauki hoton. An yanke fuskar, amma ga zanenta mai ɗigon rawaya da ta sassauta zuwa ƙugu, ga hannunta da ta ɗaga don in ga ciwon da kyau, da tabon ƙunar man gyaɗa a bayan hannun. Ranar da na ɗauka sai da ta sa na rufe taga, ta tambaye ni ko namiji zai gani. Na ce mata likita kaɗai.

Yaya ya kira ta da lamba. Ya ce wannan ce ta fi ba su sha'awa. Wani alhaji a teburin gabana ya ɗaga kai ya duba, ya ce subhanallahi, ya zare tsoka daga tsinke da haƙori ya ci gaba da tauna. Wani saurayi ya ɗaga waya ya ɗauki bangon. Ni kuma ga nama a bakina, na rasa yadda zan yi da shi, na tofa a hankicina na dunƙule a hannu har aka tashi. A jawabin rufewa mai gabatarwa ya ce ɗan Damagaram ya ceci matan Afirka.

Washegari da hantsi na same shi a ɗakin baƙi na gidan Hajiya, yana shan shayi da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya.

Na ce, "Yaya, matar jiya tana da rai. Shekara biyu tana zuwa tambayata. Me zan ce mata?"

Ya buɗe wani jadawali, ya bi da yatsa har ya sami lambarta. Ya ce ciwonta irin wanda ke samun ƙarfi daga sinadarin jikin mata ne, kuma akwai ƙwayar da ake sha kullum tana toshe wannan saƙon. Ya faɗi sunan maganin. Na san ƙwayar, ana samunta a farmasi a ƙasar nan.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya duba kwanan watan. Wata uku ne bayan aikinta.

Ya ce, "Kar ki dube ni haka. Ɗakinmu na bincike ne, ba na asibiti ba. Doka ba ta ba mu damar ba marar lafiya sakamako ba. Yana rubuce a takardar da suka sa wa hannu, shafi na uku."

"Kai ka ce in ce musu zai zo."

"Ai ya zo. Ga shi duniya tana amfani da shi."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma ji kunya ba. Ya zuba mini shayi. Ya ce yanzu za a shiga kashi na biyu, ana son ƙarin yankunan nama, musamman na waɗanda ciwon ya yi nisa a jikinsu, don a cikinsu ne saƙon ya fi fitowa fili. Wannan karon zai sa sunana cikin marubuta, ni ma in sami shafi da lambata. Yana maganar yana murmushi irin na wanda ya kawo tsaraba. Na dubi farcensa masu tsabta a jikin kofin. Na roƙe shi ya rubuta mini sakamakon matan duka a takarda. Ya ce ba zai sa hannu ba, amma in kwafa da kaina. Na kwafa a tsaye.

Na kai wa likitan da ya yi wa matar Guna aiki, ya karanta, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ba zai rantse da ta warke ba, amma da an fara tun lokacin, da wataƙila ta sami shekaru. Ya rubuta ƙwayar. A lokacin ta yi Alhamis biyar ba ta zo ba.

Ran Asabar na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa ƙauyensu. Gero ya fara fitar da kai. Na same ta kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta rame, ƙugunta ba ya ɗaukarta. Ciwon ya shiga ƙashi. Da ta gan ni ta yi ƙoƙarin tashi, ta kira mijinta.

"Malam, ga Malama ta kawo takardar da kanta."

Mijin ya shimfiɗa mini buzunsa na salla don ba su da wata tabarma. Ya karɓi kwalin ƙwayar da hannu biyu. Ya ce in isar da godiyarsu ga babban likita na ƙasar waje, da bai manta da talaka ba duk nisan nan. Na ce to. Ban gaya musu tun yaushe aka sani ba, ban gaya mata maza nawa suka ga ƙirjinta suna cin tsire ba. Ta sa aka kama mini zabuwa, na ce ba zan karɓa ba, mijin ya ɗaure ta a bayan babur da kansa.

Ta rasu bayan an gama cirar gyaɗa. Sauran matan na bi su ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutuna, Gafati, Tirmini, cikin gari. Wasu na same su, wasu na sami ƴaƴansu.

Na gaya wa Yaya ba zan yi kashi na biyu ba. Bai yi gardama ba, ya ce ya gane, aikin yana da nauyi ga mace. Cikin mako guda abokin aikina na tebur na kusa ya karɓa, an kuma saya masa sabuwar waya mai ɗaukar hoto da kyau. A gida magana ta zaga cewa hassada nake yi wa ɗan'uwana. Hajiya ta kira ni ta yi mini nasiha a kan zumunci, na durƙusa na saurara har ta gama, don ban ga amfanin karya wa tsohuwa zuciya ba.

Da shekara ta juyo na nemi a mayar da ni teburin gwajin zazzaɓin sauro, wurin da sababbin ma'aikata ke farawa. Shugaban labo ya ce wannan ai komawa baya ne, na ce na sani. A damina layi yakan kai har bakin ƙofar asibiti, ba na samun zama sai bayan la'asar. Ina huda yatsa, in shafa a gilashi, in duba, in rubuta, in kira mai shi ta taga in miƙa masa sakamakonsa a hannu.