Gaisuwar Baba Agali

Har gobe ban manta da safiyar da na buɗe akwatin saƙonnin da na'urarmu ta ƙi karɓa ba. Ku yaran yanzu ba ku tarar da tsohon tsarin ba, bari in gaya muku.

Lokacin ni ne mai kula da na'urori a biron ruwa na Tanout, wato ofishin ruwa. Kowane fanfon makiyaya yana da mai gadi. Da ƙaramar salula mai madannai zai aiko mana mesaj, ko fanfo lafiya ko ya lalace. Mesaj ya shiga babbar na'ura a Damagaram, ita kuma ta rarrabo mana. A ƙasan saƙon akwai ɗan fili na ƙarin bayani.

Mai gadin wani fanfo can bayan Tenhya, Baba Agali, ya mai da filin nan wurin gaisuwa. "Ɗana, ina gajiya? Raƙumata ta haihu." Ni ma in amsa masa. Shekaru muna haka, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai aka kawo sabuwar manhaja, wadda ba ta jin yaren tsohuwar. Shef, shugaban bironmu, ya ce, "Malam Sani, an raba wa kowa babbar salula, rufe tsohuwar hanya." Na ce, "Ranka ya daɗe, na daji fa?" Ya ce an aika musu. Ashe ta Baba tana kwance a Tenhya, ba wanda ya kai masa.

Abin haushi, in sabuwar manhajar ba ta ji labari daga wani fanfo ba, sai ta ci gaba da nuna na ƙarshe. Fanfon Baba kullum "lafiya", mu kuma muna tura makiyaya can a tsakiyar rani. Shirunsa ya dame ni, shi ya sa na leƙa akwatin nan. Innalillahi! Ga su jere. "Fanfo ya tsaya." "Shanu suna zuwa suna juyawa da ƙishi." Na ƙarshe kuwa: "Ɗana, ko na yi maka laifi ne?"

Ranar muka tafi da makanike. An gyara fanfo, amma Baba ya riga ya bi garken 'ya'yansa arewa, inda babu reso, salula ba ta kamawa. Wata mata ta nuna mini inuwar da yake zama yana duba salula.

Da na dawo na haɗa 'yar gada mai fassara tsohon saƙo zuwa sabo. Don haka nake ce muku, kada ku rufe tsohuwar hanya sai kun ji muryar mutum na ƙarshe a sabuwar. Sau biyu ana cewa in cire gadar, wai ba mai bi, na ƙi. Wallahi ina kewar tsohon nan. Kowace safiya gadar nake fara dubawa, don har yau ban gaya masa bai yi mini laifin komai ba.