Kunyar Da Na Yi Wa Ƙanena

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" take cewa, ko "waccan", in kuwa da mutane a wurin ko inda nake ba ta kallo. Haka al'adar take wurin iyayenmu da suka zo daga Kano, kuma sun kawo ta har Zangon Kumasi ba su zubar da ko kaɗan a hanya ba. A ɗakin Kaka, uwar mahaifina, nake kwana, a kwanonta nake ci.

Gidanmu gidan goro ne. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara kwasar huhuna zuwa bakin teku ba, tsakar gida kullum cike take da mata suna tsince goro, suna ware mai sankara, suna jera ganye a kwando. A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wata 'yar Asante da ke auren ƙanen Baba, muna ce mata Maame. Ita ma tana da 'yar fari, sa'ata. Amma ita tun daga ƙofar gida take ƙwala mata kira da sunanta, ta ɗora ta a cinya, ta sa mata soyayyar ayaba a baki, a gaban kowa. Na yi ta kallonsu har abin ya fara cina.

Ina da shekara shida ko kusa da haka na tambayi Kaka me ya sa Inna ba ta sona.

"Ji shashasha," in ji ta, goro cike da bakinta. "Ai wanda aka fi so shi ake wa kunya. Kau da kan nan da kike gani, so ne ya yi mata yawa."

Ta tofar da tukar goro ta ci gaba da aikinta. Tsofaffi suna da halin nan na ba yaro rabin amsa su ɗauka sun gama. Ni kuwa na karɓe ta a matsayin cikakkiya, na adana.

A lokacin ƙanena yana rarrafe. Shi ba na fari ba ne, Inna tana da damar yi masa wasa son ranta, tana kuwa yi. Ban ji haushi ba, don ni ma babu abin da nake so a duniya kamarsa. In ya gan ni sai ya miƙo hannu biyu yana wangale baki, ga haƙora biyu kacal. Na zauna na yi tunani irin na 'yar shekara shida: tunda shi na fi so, to shi ya kamata in yi wa kunya. Na daina kiran sunansa. In ya nufo ni sai in juya fuska bango, in ɗaure ta tamau yadda na ga Inna tana yi. Kwana uku ina haka babu wanda ya lura, ni kuma ina jin kaina babbar mace.

Rana ta huɗu da hantsi aka sauke sabon goro, hannu ya yi ƙaranci. Inna ta ajiye ƙanena a kan tabarma kusa da ni, ta ce wa iska, "A duba shi." Ya rarrafo ya kama zanena, na juya masa ƙeya. Ya yi kuka, ban waiwaya ba. Da kukan ya tsaya na ɗauka ya haƙura. Ashe murhu ya nufa, inda aka sauke koko aka bar garwashi.

Ba zan bayyana ƙarar da ya yi ba. Tafin hannunsa na dama ne ya ƙone, tabon yana nan har ya tsufa.

Wata daga cikin masu tsintar goro ta ce da idonta ta ga na juya masa baya. Nan take aka yanke hukunci: baƙin ciki nake da shi, an haifo wanda ya ture gwamnatina, in aka bar ni wata rana rijiya zan tura shi. Baba ya ce kada in ƙara taɓa shi, kada in zauna tabarma ɗaya da shi. Dukan da na sha bai dame ni ba kamar wannan. Maame ce kaɗai ta yi gardama, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Dabi, dabi, a'a. Yarinya nan shi ba shi da mugunta. Ku tambaya shi mana."

Kaka ta tambaye ni, na kuwa faɗa mata: kunya nake masa, ita ta ce haka ake wa wanda aka fi so. Tsakar gida ta kwashe da dariya, har wata ta zauna a kan kwando. Kaka ta yi salati ta ce yaran yanzu sai addu'a, ba ta ambaci nata rabon laifin ba. Inna ba ta yi dariya ba. Dokar Baba kuma ba ta tashi ba, don ya ce wauta ma ƙona yaro take yi.

Washegari Inna ta fito da ƙanena za ta shafa masa man kaɗanya. Duk faɗin tsakar gidan ba ta ga wurin zama ba sai taku biyu daga inda nake, ta ba ni baya. Sai ta fara magana da jariri.

"Ka ga, mai shafa maka magani da gefen yatsa take yi, a hankali, tana hura maka. In za a ba ka koko, a fara ɗiga shi a bayan hannu. In ka yi kuka a zo. In ka yi shiru a fi saurin zuwa."

Shi dai yana tsotsar ɗaya hannun. Haka ta yi kwana da kwanaki, kullum darasi ɗaya: kukan yunwa daban da na barci, yadda ake tallafe ƙeya, abin da ake kawarwa daga ƙasa kafin a ajiye mai rarrafe. Ban taɓa jin muryarta ta daɗe haka kusa da ni ba. Wata rana ta ce masa, "Ka faɗa wa yayarka, mai kunya fuska kaɗai take kawarwa, kunnenta yana nan. Ko yara goma ke tari a zaure, na san wanne ne nata."

Na yi kamar ina wasa da ganyen goro. Daɗi ne ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

Da hannun ya warke, wata safiya Baba yana zaune a bakin zaure yana kallo, Inna ta ɗauko zanen goyo ta tsaya a kaina.

"Ke, sunkuya."

Na dubi Baba. Ya dubi Inna, ya daɗe, sannan ya mayar da kai kan carbinsa. Na sunkuya. Ta ɗora mini ƙanena a baya, ta zagayo gabana, ta durƙusa ta ɗaure zanen a ƙirjina, fuskarta tana kallon gefe. Ta ce bai ɗauru ba, ta kwance ta sake. Ta sake kwancewa, ta gyara, ta dafa kafaɗuna wai tana gwada nauyi, sannan ta ɗaure na uku.

Na goyi 'ya'ya da jikoki bayan nan, na san ɗaurin da ya yi da wanda bai yi ba. Ɗaurin Inna na farkon ma lafiyarsa ƙalau.