Sassaƙen Maɗacin Bakin Tafki

Ranar Asabar

Na bar Kafanchan da ƙarfe biyar na asuba a motar katako mai zuwa Godogodo, kobo hamsin kuɗin mota. Aiken Mama ne ya tashe ni. Wata biyu tana fama da ciwon ciki, ta sha ƙwayar asibiti har ta gaji, ta ce a ɗebo mata sassaƙen maɗacin bakin tafkinmu, wanda mahaifinta yake ba su lokacin da suke yara. Ni malamin makaranta ne, ban yarda da sassaƙe ba, amma uwa ba a yi mata gardama tana kwance.

A shingen ma'aikatan daji muka tsaya minti ashirin, manyan motoci uku maƙare da gumagumai suka wuce mu. Direba ya ce, "Ticha, duk daga wajenku ne wannan." Na yi kamar ban ji ba.

Ƙarfe takwas na sauka, na sha kunu, na kama hawan dutse a ƙafa, mil bakwai. Rabona da ƙauyenmu shekara huɗu.

Tafkinmu yana kwance a kwari tsakanin duwatsu biyu. Da, kurmi ne ya kewaye shi, loko da maɗaci da kwakwa, rana ba ta taɓa ƙasa. Birai su jefe ka da 'ya'yan itace, gada ta sha ruwa a gabanka, cilakowa tana ta surutu. Kakanninmu sun keɓe wurin wa dodo, ko ƙirare ba a tsinta. Da na hau kan tudu da azahar, gonakin citta na gani har bakin ruwa. Ruwan ya ja baya, ya yi ja. Zalɓe ɗaya ne tsaye a cikin laka.

Na sami Baba Kazah, tsohon da yake tsaron kurmin tun ina yaro, na durƙusa na gaya masa aikena.

"Maɗaci?" ya ce. "Ba kai ne ka rubuta takarda ba, yarona?"

Ni ne. Shekarar da za a sa wa cocinmu rufi da benci, dattawa suka ce in rubuta wa hakimi a ba mu itace biyar, tunda mun bar tsoron dodo. Na rubuta da Turanci mai kyau, har ina alfahari. Da mutane suka ga an sare biyar ba wanda ya mutu, masu zarto suka gama da sauran.

Ranar Lahadi

Na kwana gidan kawuna, na je sujada a coci da safe. Baba Kazah ba ya shiga coci, amma ya leƙo ta taga ya nuna mini bencin da nake kai. "Ga maganin mamanka nan." Kunya ta hana ni waƙa.

Na sauko da rana tsaka, na iso Kafanchan ƙarfe shida. A bakin kasuwa na sayi sassaƙen maɗaci na kobo goma. Mama ta sinsina, ta riƙe shi a ƙirji.

"Birai suna nan?"

"Suna nan, Mama."

"Ka gaishe su?"

"Na gaishe su."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Mama ta sha sassaƙen kwana tara tana sa mini albarka, ta rasu ba ta san abin da ɗanta ya yi ba.